Dutsen Niƙan Kaka

Jiya na yi tuntuɓe da dutsen niƙan marigayiya Kaka a bayan ɗaki. Na zage shi, sannan na zauna ina kuka.

A kansa take addu'a. Tana durƙushe, dawa na ƙara, gari na zuba a faifai, ita kuwa tana yi wa Ubangiji magana kamar maƙwabcinta, har da mita.

Wata rana na ce, "Tsohuwa, ga inji a kasuwa. Addu'ar kuma ki bari sai Lahadi a coci mana!"

Ta ce, "Ke 'yar gaggawa, wane coci? Da kakanki kafinta ya kawo ni Gwandu ina amarya, a zamanin Turawa, sai ya bi aiki wata da watanni. Babu majami'a, babu mai jin yarenmu. Maƙwabta na da kirki, amma kaɗaici ya ci ni. Da na rasa inda zan je in sami Yesu, sai na ce ya shigo ya zauna nan."

Yau ga ni a Kalgo. Na gama sakandare, ƙawayena sun wuce gaba, ni ina jinyar Inna da ba ta iya tashi. Ko coci ba na zuwa, haushi kuma ya hana ni addu'a.

Da safen nan na wanke dutsen, na zuba dawa, na durƙusa. Da mita na fara.

Allah ya ba ki hutu, Kaka. Wanda ya zauna da ke a Gwandu ya shigo nan ma, don ni ma ba ni da wurin zuwa.