Hannun Daman Baba da Ƙaton Bakin Gada

Shekarar da hannun daman Baba ya shanye, ya daina cin abinci da mu. Ba wanda ya hana shi. Shi ne dai ya ce ba zai sa hagu a kwanon da wasu ke ci ba, sai a kai masa tuwonsa ɗaki ya turo ƙofa. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana dambe, daga Utai har Lajawa ana kaɗa masa kalangu, yau loma ta gagare shi. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce hannun zai iya dawowa. Baba ya cilla wa akuya ƙwallon.

Ni lokacin ina jami'a, kuma akwai wani gem a kwamfutata da ya hana ni sakat. Jarumin cikinsa takobi gare shi mai nauyin tsiya, kafin ya ɗaga ya sauke sai ka ce an aike shi kasuwa. Sara uku ya gaji, ya tsaya yana haki. Ga wani ƙato mai gatari da ya tare bakin gada, ya kashe ni ya fi a ƙirga. Ni da gajen haƙuri, dannawa kawai nake kamar mai dakan yaji.

Wata la'asar ina zaure ina fama, Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a kaina.

"Wannan faɗa kake ko korar ƙuda?"

"Baba, gem ɗin ne ba shi da sauri."

"Kai ne dai ba ka da ido. Dubi kafaɗar ƙaton. Kafin ya kawo sara sai ya sauke ta hagu."

Wallahi ban taɓa lura ba. Ya zauna a tabarma, ya ce a zamaninsu akan yi turmin dambe guda ba a kai duka ko ɗaya ba. Ana zagaye ne, ana kallon ƙafa da numfashin abokin karawa, mai gaggawa kuwa shi ake ɗagowa daga ƙasa. Ranar na fara son gem ɗin da gaske. Ashe nauyin takobin nan da nake tsine wa shi ne daɗin abin: in ka ɗaga ba ka da damar fasawa, don haka dole ka san dalilin ɗagawar.

Ya riƙa ce mini "jira, jira, yanzu," ni kuma ina riga shi dannawa. Da na ƙure shi ya ja tsaki.

"Wanne ne na saran?"

Na nuna masa. Madannin a ɓangaren dama yake. Ya kamo shanyayyen hannun da hagunsa ya ɗora babban yatsa a kai. Ni ke tafiyar da jarumin, shi ke sara. Yatsan ba ya jin umarni da wuri, sai ya koyi fara dannawa tun kafaɗar ba ta gama sauka ba. Kullum bayan la'asar muna nan, ƙaton na kashe mu, Baba na cewa laifin ƙafafuna ne.

Ranar da ƙaton ya faɗi na miƙe ina ihu. Baba ko kallon kwamfutar bai yi ba, yatsansa yake kallo.

Da aka zuba tuwo ya ce wa mahaifiyarmu, "A kawo nawa nan." Ya zauna tsakanina da yayana, ya miƙa dama. Hannun na rawa, miya na zuba a tabarma. Tausayi ya kama ni, na kai hannu zan tallafa masa.

"Kai dai gaggawar nan ce ke kashe ka," ya ce. "Jira."

Na jira. Lomar ta isa baki. Tuwon ya huce tun ba mu kai rabi ba, amma ba wanda ya riga shi cire hannu.