Hancin Dou Guilan

A ƙauyenmu na Shikou ba a tsinkar binzi sai Dou Guilan ta ce a tsinka. Ba wanda ya naɗa ta, hancinta ne ya ɗora mata aikin, kuma ta fi shekara arba'in tana riƙe da shi ba a taɓa yi mata gardama ba.

Binzi tuffa ce ta kakanni, 'yar ƙarama, ja mai duhu, in ka gatsa sai bauri ya ɗaure maka baki. Dama ba don ci muke son ta ba. A akwatin kaya ake sa ta, tsakanin barguna da rigunan sanyi, ta yi ta zuba ƙamshi har shekara ta juya. Sai dai akwai ta da rigima. Ka tsinke ta da wuri, dutse ka ajiye a akwati. Ka makara kwana uku, ta ruɓe ta bar maka tabo a bargon da uwarka ta ɗinka. Ranar ɗaya ce, in ta yi yawa biyu, kuma kowace shekara da tata.

Guilan tana da shekara ashirin da biyu aka kawo ta gidan su Meng. Surukarta mace ce mai rowar magana, amma kaka na kamawa sai ta riƙa jan ta lambu da sassafe, ta kara mata 'ya'yan itacen a hanci ta ce, "Me kika ji?" Ko Guilan ta faɗa daidai ko ta kauce, amsar ɗaya ce, tsaki. A kaka ta huɗu Guilan ta riga tsohuwar cewa yau ne. Tsohuwar ba ta yi tsaki ba, ta miƙa mata kwandon kawai ta koma gida. Wannan shi ne duk yabon da ta taɓa samu a wurinta, kuma ya ishe ta.

Daga baya manyan tuffa masu zaƙi suka shigo, mutane suka yi ta sare binzi suna dasa su. Mijinta, Meng Shouye, ya ƙi sare nasa. Kada ku ɗauka hangen nesa ne, taurin kai ne tsagwaronsa, mutumin da ko hula ba ya sakewa sai ta yage. Yanzu bishiya goma sha tara suka rage a gidaje shida, kuma duk shida ɗin bakin Guilan suke jira.

A sanyin shekarar da ta gabaci bara zazzaɓi da mura suka kwantar da ita kwana goma. Ta warke ta ci gaba da harkokinta. Wata safiya tana tsaye a gaban murhu, kunun gero yana ƙonewa a gabanta, sai ga Shouye ya shigo da gudu daga tsakar gida yana tambayar ko gidan take son ƙonawa. Ta kai hanci bakin tukunyar, ba ta ji komai ba. Ta buɗe tulun kabeji mai tsami, shi ma shiru. Ta ce masa tunani ne ya ɗauke mata hankali, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Da kakar bara ta zo, ta duba launi, ta ƙirga kwanaki, ta yi shahada ta ce a tsinka. Aka yi sa'a ta dace. Maƙwabta suka yi ta yabon hancinta, ita kuwa ta koma gida tana jin kanta kamar ɓarauniya.

Bana sai ga 'yarsu Hailing daga birni da akwatin ƙanƙara da 'yan kwalabe. A ɗakin bincike take aiki, inda ake auna abin da ke cikin 'ya'yan itace.

"Mama, kullum da safe zan ɗauki guda biyar," in ji ta. "Zan auna sukari, in auna tsami da baurin, da sinadaran da ke ba da ƙamshi. Amma ranar da kika ce yau ne, ita ce za ta shiga rahoto."

"In ta shiga sai me?"

"Sai manyanmu a wurin aiki su duba ko ta cancanci a yanki rassanta a yi musu aure a lambun adana iri. A zaƙi ba za ta kai labari ba, ƙamshin ne kawai ta fi sauran da shi. In na auna ta ranar da ba tata ba, a takarda za ta fito kamar kowace tuffa mai bauri, a tura ta gefe."

Shouye ya ɗago daga kwanon taliyarsa. "Wato duk karatun nan da kika yi, ƙarshenta hancin uwarki kika dawo aro."

"Ci abincinka, Baban Hailing," in ji Guilan. "Kai da ko mushe aka rataya maka a wuya sai ƙuda sun gaya maka."

Aka yi dariya, har da ita. Amma ta ture kwanon taliyarta gefe.

Kwana huɗu suna fita tare. Guilan ta jawo reshe, ta rufe ido, ta ja numfashi yadda ta saba, ta ce, "Da saura." Hailing ta rubuta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda yarinyar take rubutawa, a hankali, da kulawa, har da ƙarfe nawa ne. Mace mai shekara talatin da shida, ga farin gashi ya fara leƙo mata a gefen kunne, amma ta yarda da maganar uwarta ɗari bisa ɗari.

A safiya ta biyar launin ya yi. A ido dai ya yi. Guilan ta riƙe reshen. In ta ce yau ne ta dace, ba wanda zai sani har abada. In ta kauce, sunan 'yarta ne a ƙasan takardar, kuma bishiyoyin nan ba wanda zai sake waiwayar su. Hailing ta ɗora alƙalami a kan littafin tana jira.

"Ajiye alƙalamin nan."

"Yau ne?"

"Ban sani ba." Ta saki reshen ya koma sama. "Hancina ya mutu, Hailing. Ya kusa shekara biyu. Duk abin da kika rubuta kwana huɗun nan ƙarya na yi miki, ki soke shi."

Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗago kai. Ta jira faɗa, ko tambayar me ya sa ba ta je asibiti ba. Hailing ta rufe littafin ta ce, "Ko ƙamshin abinci ba kya ji, Mama?"

"Ko na abinci."

Yarinyar ta share ido da bayan hannu. Guilan ba ta son kuka a lambu, don haka ta sake jawo reshen da ƙarfi ta kara mata a hanci. "Me kika ji?"

Hailing ta shaƙa, ta fara jero wasu sunaye na ɗakin bincikensu.

"Ke, yi mini magana irin ta mutane."

"Kamar ciyawa, wadda aka yanka yanzu."

"A gaba take ko a baya?"

"A gaba."

"To da saura. Ciyawar za ta ja baya, zuma ta shigo. In kika ji warin giya ko kaɗan ne, mun makara. Tsakaninsu muke nema, ranar da ƙamshin zai bar hancinki ya sauka maƙogwaro."

Washegari Hailing ta ce zuma, uwar ta matsa mata da tambaya har ta amsa cewa ciyawar na nan a ƙasa. Guilan ta yi tsaki, sai ta ji tsakin surukarta ne ya fito daga bakinta, ta kau da kai. Kashegari ma haka.

A safiya ta takwas Hailing ta shaƙa. Ta sake shaƙa, ta kai hannu wuyanta ta haɗiyi yawu. Guilan ba ta buƙaci a gaya mata ba.

"Ciyawar fa?"

"Ta tafi."

"Giya?"

"Babu."

Hailing ta juya za ta ɗauko kwalabenta, uwar ta riƙo mata hannun riga.

"Tsaya tukuna, ba gudu za su yi ba. Ƙara shaƙa ki faɗa mini. A hankali."

Hailing ta faɗa mata. Ta ce akwai zuma, amma ba mai nauyi ba. Akwai wani sanyi a bayanta kamar na ruwan rijiya, sannan wani abu mai ɗan yaji da ke tsayawa a ƙirji. Guilan ta rufe ido tana gyaɗa kai. In yarinyar ta tsaya sai ta ce, "Sai me kuma?" Sun daɗe a haka, har rana ta hau kan katanga.

Shouye ya leƙo da tsani a kafaɗa. "Uwar Hailing, in kira mutane ne ko in mayar da tsanin?"

Guilan ta buɗe ido. "Je ka gaya wa gidajen nan su fito da kwanduna. Ka ce Hailing ta ce yau ne."

"Hailing?"

"Kunnen ma ya tafi ne? Hailing na ce."