Rariya da facin Auta

A buɗe hanya, a kau da takalma! Ga Rariya, sarauniyar tacewa, wadda ko sauro bai wuce ta sai ya faɗi dalilin zuwansa!

Da rana malamar lissafi ce. In an tashi makaranta kuwa, sai ta zauna gaban tsohuwar kwamfutarta mai ƙugi kamar injin niƙa, tana kula da wata manhaja ta kyauta da makarantu ke tsara jadawalin darasi da ita. Kowa a duniya na iya aiko da gyara, wato faci, amma sai ta duba kafin ya shiga. Dokarta biyu ce: faci ɗaya, gyara ɗaya, bayaninsa kuma ya faɗi dalili.

Ƙaninta Auta na da ganawar neman aiki ranar Litinin, an ce ya zo da shaidar aikin da ya taɓa yi a fili. Shaida kuwa babu. Sai ya gano inda manhajar ke tura malami ɗaya aji biyu lokaci guda, ya gyara. Layi biyu kacal! Wa zai nuna layi biyu a ganawa? Gogan ya bi fayil arba'in yana gusa rubutu dama da hagu, har faci ya kumbura ya kai layi ɗari tara. A bayani ya rubuta: "Gyare-gyare masu yawa." Ya aika.

Tebur ɗaya suke zaune, gwiwa na gogar gwiwa, wayarsa ta yi ƙara. Rariya ce, a shafin da duniya ke karantawa: "Ina gyaran yake cikin wannan yayi? Ware shi. Faɗi dalili."

"Haba Yaya, ga ni ga ki! Bakinki ciwo yake?"

"Abin da aka aiko a shafi, a shafi ake amsa shi."

Auta ya garzaya kicin ya ɗauko babbar bindiga. Inna ta fito da ludayi a hannu.

"Ke, karɓar masa mana. Ɗan'uwanki ne fa."

"To Inna, ki rubuta a shafin, sauran masu dubawa su gani."

Inna ta dubi kwamfuta, ta dubi Auta, ta koma wajen miyarta.

Asabar ta tafi a zumɓura baki. Lahadi da hantsi Auta ya sauko daga dokin zuciya. Ya zubar da yayin, ya bar layinsa biyu, ya rubuta abin da ke lalacewa, da dalilin lalacewar, da yadda ya gwada. Bayanin ya ninka gyaran sau biyar. Kafin la'asar faci ya shiga, ga sunansa raɗau.

Ya haye kujera ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a, ku shaida! Yau Auta ya ratsa Rariya!"

Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Layi biyu ne. Sauko, kujerar ƙafarta ɗaya ba lafiya."