Jiƙaƙƙen Buhun Baba Ayuba

"To ƙarya na yi?" in ji Jean, yana goge hannu da tsumma. "Duk Garwa wa ya taɓa lulluɓe inji da jiƙaƙƙen buhu in ba kai ba?"

"Tausayi ne, ɗan nema," Baba Ayuba ya ce. "Ku masu wanka da baƙin mai ina kuka san tausayi?"

A ƙofar gidan Baba Ayuba muke da hantsi. Jean, maƙwabcinmu mai gyaran babur, ya zo juye wa janareta mai. A nan gurup muke ce masa.

Baba Ayuba mahauci ne, fawa gadonsa ce. Da ƙafafunsa suka fara gajiya da tsayuwar kasuwa sai ya sayi firiza ya ajiye a zaure, mata masu dafa abincin sayarwa suna zuwa har gida su ɗauki nama. Amma da bazara, in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, wuta takan tafi ta wuni, wani lokaci ta kwana. Dole ta sa shi neman gurup.

Ranar saye, kamar kara, kasuwar shanu, ya je sayen sa. Ya ɗaga wannan ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa wancan, idonsa ya tsaya kan wani jan ƙato mai ƙara. Jean da ya raka shi ya tambaye shi me zai jona. Firiza, fanka, da ƙwan lantarki biyu.

"Wannan ƙaton zai shanye ribarka a fetur," Jean ya ce. "Ƙaramin can kuma ba zai iya ba, don firiza in za ta tashi fizga take kamar sa ya ga wuƙa."

Suka ɗauki matsakaici, mai wurin zuba mai daban da na fetur.

Maganar buhu kuwa a bikin Rumaisa ta faru, 'yar Malam Isa tela. Sa guda Malam Isa ya daɗe yana kiwo don wannan rana. Baba Ayuba ya yanka, ya gyara, aka zuba naman a firizarsa. Ana gobe walima wuta ta tafi. Ya tada gurup. Da rana ta take ya kai hannu kusa da injin, ya ji zafi kamar tukunyar suya. Shi kuwa tun yana yaro abin da ya sani ke nan: tulu ya ɗau zafi, a naɗa masa jiƙaƙƙen buhu, nama a kan tebur, a rufa masa. Ya jiƙa buhu ya lulluɓe injin ruf.

Ba a jima ba injin ya yi tari ya mutu. Ya ja igiya har kafaɗarsa ta sage. Babu wanda ya fi shi sanin abin da zafin Garwa ke yi wa nama, kuma naman ba nasa ba ne. Malam Isa ba shi da sa na biyu.

Jean ya bar babur ɗin wani a kwance ya zo. Ya yaye buhun ya jefar, ya nemi inuwa ya zauna.

"Zama ka zo yi?"

"Ka toshe masa numfashi, Baba. Sai ya huce. Kuma kada ka buɗe firizar nan, sauran sanyin ne ke riƙe da naman."

Baba Ayuba ya yi ta kai da komo, ya ɗora hannu a murfin firiza, ya janye. Da injin ya huce Jean ya juye man da ya ƙone, ya wanke fulogi, ya kaɗe soson iska. Ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, injin ya kama. Baba Ayuba ya kara kunne a jikin firiza har ya ji ta ɗauka, sannan ya zauna a ƙasa yana hamdala. Washegari baƙi suka ci nama, har da na tafiya gida.

Yanzu gurup yana ƙarƙashin rumfa marar bango, nesa da tagogin ɗakuna saboda hayaƙi. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya sai Baba Ayuba ya tace da ƙyalle, ba ya kuma zubawa sai injin ya huce. Ran Juma'a ko da akwai wuta yakan tada shi ya ɗan yi aiki.

"Dabbar da aka ɗaure ba motsi, ƙafa take rasawa," ya ce mini.

Ya shiga zaure ya fito da ƙunshin hanta da tozo, ya miƙa wa Jean.

"Kai wa Solange. Ita nake ba, ba kai ba."

"Matata ce ta tada injin?"

"Ita ke haƙuri da bakinka. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri kamar yadda ka rufa mini."

Ya saɓa mayafi, ya ce an kawo shanu daga wajen Yagwa, gara ya isa kara kafin a zaɓe na kirki. Ya kama hanya yana ɗan ɗingishi.