Yadda Famfo Ya Zaɓa Mana Asibiti

Har gobe ban manta da ranar da muka fita zaɓen asibiti muka dawo da laka har gwiwa ba. Ku sababbin zuwa kuna yawan tambayata me ya sa katin inshorarku yake ɗauke da sunan ƙaramin asibiti a hanyar Jiwa, alhali ofishinmu yana Wuse. To, ku gyara zama.

Ni ce sakatariyar kamfanin nan tun muna da a-kori-kura ɗaya tal. Kowa a lokacin mai gyaran famfo ne, ni kaɗai ce mai takarda. Wata damina wani babban kamfanin gine-gine ya ce ba zai ba mu kwangila ba sai ya ga ma'aikatanmu suna da inshorar lafiya. Ga wanda bai sani ba, haka abin yake: oga ya biya kamfanin inshora kuɗin shekara, a ba kowane ma'aikaci kati, shi da iyalinsa su riƙa zuwa asibitin da aka amince da shi ba tare da sun ciro ko sisi ba. Kamfanoni biyu ne suka zo daidai da aljihunmu, kuma duka sun haɗa da awo da haihuwa. Na farko asibitinsa wani katafaren gini ne a nan Wuse. Na biyu kuma wannan ƙaramin na hanyar Jiwa. Ɗaya za a ɗauka, kowa ya bi.

Oga Sunusi mutum ne mai tsoron a ce shi ya yi. Sai ya yi abin da kowa ke yi a Abuja idan yana gudun laifi: ya kafa kwamiti. Shugaba shi ne Baba Tanko, foman ɗinmu, wanda ya tsufa da sifana a hannu. Mamba kuma Isuhu, wanda duk kamfanin babu mai hannunsa a aiki. Ni ce marubuciya.

Akwai abin da ke cin raina. Matar Isuhu, Rabi, tana da tsohon ciki, kuma a Jiwa suke zaune. A cikinta na baya naƙuda ta zo da gardama, suka nufo gari a tasi, gosulo ya riƙe su, kafin su isa asibiti jaririn ya koma. Rabi ce ta gaya mini da bakinta. Shi Isuhu kam, da ya ambaci cikin matarsa a gaban Baba gara ya haɗiye harshensa. Na ce, "Isuhu, ka yi magana mana." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti Ladi, don Allah ki rufa mini asiri. Uba ne a wurina." Na yi masa alkawari, amma raina a ɓace.

Ranar zagayen asibitocin Baba ya zo da babbar riga fara sol, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure. Ni kuwa na shirya tambayoyi: akwai likita kullum? Ana tiyata? Ana ba da magani ko sai a ce ka je kemis? Tun a mota Baba ya ce, "Ladi, ajiye wannan surutu. Asibitin da bai iya riƙe ruwa ba, ta yaya zai riƙe jinin mutum? A famfo ake gane gida."

Na ɗauka wasa yake. Muna shiga asibitin Wuse wata 'yar ƙwalisa a tebur ta tambaye mu, "Waye ba lafiya?" Baba ya ce, "Banɗaki muke nema." Ta nuna. Ya ja Isuhu suka shige tare. Ina tsaye ina jin ana sakin ruwa, ana ƙwanƙwasa bango, ana sake sakin ruwa. Yarinyar ta kalle ni, na kalli silin. Manajan asibitin ya fito da fara'a zai nuna mana ɗakin tiyata, Baba ya ce a fara nuna masa inda tanki yake. Wallahi sai da ya naɗe babbar riga ya hau tsani. Ya sauko yana murmushi ya ce, "Rubuta, Ladi. Sun ci." Ko inuwar likita ba mu gani ba.

A hanyar Jiwa Isuhu ne ke tuƙi. Muna shiga ƙofar ƙaramin asibitin abin da ya fara tarbarmu kan famfo ne an ɗaure shi da robar taya, yana ɗiga ɗis-ɗis a cikin bokiti. Fuskar Baba ta canza kamar an zagi iyayensa. A ciki ma haka: famfunan a bushe, ga jarkokin 'yan ga-ruwa jere a ƙofar ɗakin haihuwa. Ni dai na saci jiki na sami shugabar nas-nas, wata dattijuwa mai kaifin baki, na yi tambayoyina. Ta ce gidan likita yana bayan asibitin, ko tari ka yi da ƙarfi zai ji, kuma suna tiyata a nan. Na ruga na gaya wa Baba. Ya ce, "Likitan ma da jarka yake wanka? Rubuta. Sun faɗi."

Gabana ya faɗi tare da su. Muka nufi mota. Sai Isuhu ya ce, "Baba, bari in ɗan taɓa musu wannan, sadaka." Ya ɗauko sifana ya durƙusa gaban famfon nan mai roba. Jama'a, Isuhu fa, wanda ko ido a rufe zai haɗa maka banɗaki, sai ga shi yana juya sifana baibai. Ruwa ya yi tsartuwa ya wanke masa fuska. Ya sake kamawa, ya sake juyawa baibai. Baba ya yi ƙwafa. Ya juya baya. Ya juyo. Can ya daka tsawa, "Kai! Ba ni nan, kada ka kunyata ni a garin mutane!"

Shi ke nan, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara kan famfon, sai ya ce ai ruwan ba shi da ƙarfi, dole akwai inda bututu ya fashe. Suka bi layi, suka samo wurin a bayan ɗakin haihuwa, suka haƙa. Bututun da aka loda a mota don aikin wani kwastoma shi aka sauke. Babbar riga ta koma kalar kunun kanwa, hular kuma ni aka ba riƙo. Daga baya har ni aka sa miƙa gam ɗin liƙa bututu, na zurma cikin ramin da takalmin ofis. Wani mai jinya ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, namu ma ba ya zuwa." Baba ya ce, "Bi layi, ɗan'uwa." Kafin la'asar ruwa na zuba a kowane famfo, shugabar nas-nas tana ta sa albarka.

Sai Baba ya wanke hannu, ya karɓi hularsa, ya ce kwamiti zai sake zagaye. Na rantse muku, sai da ya fita waje ya sake shigowa ta ƙofa, ya yi sallama kamar baƙo. Ya buɗe famfo, ya rufe. Ya ƙwanƙwasa bango. Ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan aikin ƙwararru ne." Na ce, "Baba, na Wuse fa? Ai ka ce sun ci." Ya ce, "Na Wuse ban san wanda ya haɗa ba. Abin da ke cikin bangonsu Allah kaɗai ya sani. Wannan kuwa na ga cikinsa. Rubuta."

Oga Sunusi ya yi ta faɗa kan bututun kwastoma, amma da na tuna masa hukuncin kwamiti ne sai ya sa hannu.

Da lokacin Rabi ya yi, naƙudar ta sake zuwa da gardama. Wannan karon babu tasi, babu gosulo. Maƙwabci ne ya kai ta, likita ya fito da silifas, aka yi mata aiki, aka ciro yarinya lafiya lau. Da Isuhu ya kira ni sai da na yi kuka a ofis, ban ji kunyar kowa ba.

Ranar suna na tsokani Baba, na ce, "Ashe dai famfo ya iya zaɓe." Ya harare ni ya ce, "Ke Ladi, kina tsammani ban ga yana juya sifana baibai ba? Ni fa na koya masa riƙe ta. Duk ranar da yaro kamar Isuhu ya ɓata aikinsa a gabana da gangan, akwai abin da bakinsa ya kasa faɗa."

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba su iya roƙo da baki ba. Idan kuna son sanin damuwar abokin aikinku, kada ku tsaya jiran ya faɗa, ku kalli hannunsa.

Shi kuwa Baba har yau duk wata sai ya je asibitin nan da katinsa a aljihu. Ya zagaya famfuna, ya leƙa tanki, ya biya ta gidan Isuhu ya ɗauki yarinyar ya yi mata wasa, sannan ya dawo. Amma ganin likita dai, Baba bai taɓa yarda ba.