Jarida a Gilashin Motar Baffa

Jiya warin fenti a wani gareji a Badawa ya tuna mini da marigayi Baffa, yayan mahaifina. Rana takan koɗar da robar cikin tsohuwar motarsa, don haka duk shekara yakan sabunta mata fenti da hannunsa, a inuwar darbejiyar gidansa na Nassarawa. Kafin ya fesa, yakan rufe gilashi da tsofaffin jaridu, amma sai ya karanta kowane shafi tukuna.

Shekarar da na kammala jami'a ni na manna jaridun, ban duba ba. Ya fara fesawa ke nan, sai ya dakata.

"Mai digiri, mene ne a shafin nan?"

"Sanarwar ta'aziyya ce, Baffa."

"Da sunan Allah a samanta. Cire."

"Fentin ɗanye ne, zai ɓaci."

"To, ya ɓaci."

Na cire, gefen takardar ya kwashe fentin. Ya ninke shafin ya sa a aljihu, muka wuni muna gogewa muna sakewa.

Allah Ya suturta shi yadda ya suturta wannan takarda, Ya haskaka kabarinsa.