Alawayyon Kawu Mounkaila

Kawuna Mounkaila, mutumin Tahoua ne, kuma in ya kafe kan abu, to sai dai ka haƙura. A shekarar 1994 ya samu aikin shara a wata ƙaramar majami'ar Katolika a Lyon. Musulmi ne mai sallah kan lokaci, amma aikin nan shi ne ke riƙe da takardunsa na zama Faransa.

A gefen majami'ar akwai wani akwatin gilashi, cikinsa ɗan guntun ƙashi a kan farantin ƙarfe. Aka ce masa na wata budurwa ce da Rumawa suka kashe tun zamanin da, don ta ƙi barin addininta. Mutane kan durƙusa gabansa, su kunna kyandir.

Kawu ya kasa cin abinci. "Saadatou," ya ce mini ta waya, "'yar mutane, tsirara haka, ba likkafani!"

Na ce masa ba ruwansa. Ina! Ya hawo jirgin ƙasa har Paris inda nake zaune, ya ja ni kasuwar Château Rouge, muka yi ta zagaye har ya samu farin alawayyo irin na gida. Ya koma ya wanke shi, ya turara, ya lulluɓe akwatin ruf.

Da safe tsofaffin mata suka zo addu'a, suka tarar an rufe musu shahidarsu. Kai, ranar an yi hayaniya! Wasu suka ce a kore shi. Limamin majami'ar, wani tsoho mai sanda, ya kira shi.

"Mounkaila, mu bayyana ta muke don a gani a tuna. Me ya sa ka ɓoye ta?"

Kawu ya san in ya rasa aikin, takardu sun tafi. Duk da haka bai yi ƙarya ba. "Mon Père, a garinmu ko baƙo ya mutu sai mun suturta shi, balle wadda ta mutu kan imaninta. Kunya na ji mata."

Tsohon ya yaye ƙyallen. Kawu ya fara kwance rigar aiki. Sai ya ga limamin ya ɗauko mabuɗi, ya buɗe akwatin, ya ninke alawayyon, ya shimfiɗa, ya kwantar da ƙashin a kai.

Da na ziyarce shi bara, ya kai ni gaban gilashin, yana ta gyara hula. Wallahi sai da na yi ƙwalla don alfahari.

"Dubi," ya ce, "yanzu ba a kan ƙarfe take kwance ba."